Mai Kunne da Allon da Ke Motsi a Ƙarƙashin Yatsa

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya, wadda abokan sana'a suka fi sani da Mai Kunne, a shekarar 1971, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarta kuma tela. Bayan firamare da sakandare, ta karanci fasahar lantarki a kwaleji, ta kammala a 1993.

Aiki da Aure

A 1994 ta kama aiki a wani ɗakin ɗaukar waƙa, inda ta yi fice wajen daidaita murya da kiɗa, kuma a 1997 ta auri wani mai gyaran kayan lantarki. A 2003 ciwon ido ya tafi da ganinta, amma ba ta fasa aiki ba, domin yatsunta sun haddace kowane maɓalli na tsohuwar na'urar haɗa sauti da ke ɗakin. Shekara uku bayan haka aka sauya na'urar da kwamfuta. Mai wurin ya ce mata, "Yaya, kunnenki ba na biyunsa, amma wannan abin da ido ake tuƙa shi." Aka sallame ta.

Ƙirƙirar Manhaja

Daga 2007 ta duƙufa koyon rubuta manhaja a kan teburin cin abinci, da taimakon muryar kwamfuta mai karanta rubutu, har ta samar da manhajar haɗa waƙa wadda ke faɗa wa makaho inda yake a cikin waƙar da abin da ya taɓa. Maigidanta ya riƙa ciro ƙananan injinan jijjiga daga matattun wayoyi yana dasa su a allon katako da ya haɗa da manhajar, ta yadda ganga ke bugun babban yatsa, murya kuma ta ratsa manuniya. Takan tsokane shi da cewa, "Maigida, kai ko gawar waya ba ka bari ta huta." Makafi da dama sun koyi sana'a a falonta.

Shekarun Ƙarshe

A 2015 jinta ya soma raguwa, sakamakon daɗewa da na'urar sauraro a kunne. Kafin 2018 ba ta jin kiran 'ya'yanta, sai da allon kaɗai take sanin waƙa. A shekarar 2018 ɗin ta miƙa manhajar ga wani kamfani bisa alkawarin yaɗa ta. Kamfanin ya cire sashen da ke aiki da allon, sannan ya dakatar da manhajar baki ɗaya a 2021. Ta soma sake rubuta ta daga farko, amma shanyewar ɓarin jiki ta kashe mata hannun dama.

Rasuwa

Ta rasu a 2023, tana da shekara hamsin da biyu, aka binne ta a maƙabartar bayan gari, ɗalibanta na biye da makara, kowa dafe da kafaɗar na gabansa. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: babbansu direba ne, mai bi masa ma'aikaciyar jinya ce, sai auta, wadda wayar marigayiyar ke hannunta, take amsa kiran makafin da har yau suke tambayar yaushe manhajar za ta dawo.