Boilar da Yaya Ya Kashe

Yayana ba ya barin wuta a gidan da ba kowa. Haka mahaifiyarmu ta hore mu tun muna yara. Da zai kai iyalinsa ganin gida ana tsakiyar sanyi, sai ya sauka ƙasan gidansa na Tompkinsville a Amurka, ya kashe boilar da ke ɗumama ɗakuna, ya rufe gas, ya miƙo mini makulli.

Bayan 'yan kwanaki na je dubawa. Ina tura ƙofa salati ya ƙwace mini. Silin falo ya rufto kan kujeru. Ruwa ya gangaro ta matakala ya daskare, dardumar sallarsa ta sandare kamar katako. Mai gyaran da na kira ya ce ruwan cikin bututu ne ya zama ƙanƙara ya farfasa su. Wai a garin nan in za ka yi tafiya, rage boila ake yi, ba a kashewa.

Na kira Yaya a waya. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ka duba wutar nan? A kashe take dai ko?"

Na ce, "A kashe take, Yaya. Gidan ne dai babu."