Ƙwaryar Hajo

A gidanmu na Gummi, in an ci tuwo an yi sallar isha'i, mu yara sai mu kewaye murhun kakarmu Ige. Ba ɗumin wuta kaɗai ke kai mu ba. Tana da hoce, wainar dawa irin ta ƙasarmu, da take rufewa da faifai, wanda ya yi shiru har tatsuniya ta ƙare shi ke samun ɓari. Ni kuwa bakina ba ya rufuwa, sau tari haka nake tashi ina kallon bakin 'yan'uwana.

"Kai dai angon banza ne," in ji ta. "Ba cefane, sai surutu."

Ige tana da ƙawa Bafulatana mai suna Hajo, a rugar da ke ƙetaren gulbi. Ƙwarya guda ce tsakaninsu, mai ɗinki a baki. Hajo ta aiko ta cike da nono, Ige ta mayar da ita da gero, ko hoce, ko daddawa. Ba ciniki ba ne, ba wanda ke aunawa. Da wannan nonon aka dama duk furar da na sha ina yaro.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ma ta ƙwarya ce. "Ga ta nan tahe, ku buɗe kunne," mu ce ta iso mu ji ta. Wai an yi wata ƙwarya mai ƙafafu, tana zirga-zirga tsakanin matar manomi da matar makiyayi, ta kai gero ta komo da nono. "Ƙwaryag ga ba ta son komi sai abu guda," Ige ta ce tana ɗaga yatsa, "kar a maishe ta wayam." Wata rana shanu suka shiga gonar manomi suka cinye dawa. Matarsa ta fusata, ta juye nono, ta kori ƙwarya ba ko tsaba a ciki. Ƙwarya ta isa bakin gulbi, kunya ta hana ta ƙetarewa, ta yi zamanta. Tun daga ranar fura ta ƙi damuwa a gari, madara ta ƙi zama nono a ruga. Yara suka rame nan da can, sai da matar manomi ta bi sawu ta zuba mata gero, sannan ta miƙe.

"To Ige, an biya dawar?" na tambaya.

"Wagga shari'ar maza ce, ƙwarya ba ruwanta. Kai kuma ka yi asarar hocenka."

Na zama saurayi lokacin da ƙasarmu ta rikice, aka shiga zargin juna tsakanin gari da ruga. Su Hajo suka tashi ba sallama, ƙwarya kuwa tana wajenmu. Babana ya ce, "Inna, ki bar zancen nan, yanzu ko gaisawa ka yi da su sai a sa maka ido." Ige ta cika ƙwaryar da gero ta ɗora ta kan ragaya. Duk kaka sai ta juye tsohon gero ta zuba sabo, ta mayar da ƙwaryar kan ragaya. Abin yana ba ni tausayi, wallahi. Da ciwon ajali ya kama ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Angona, kar ta koma wayam."

Da ina ɗaukar tatsuniyar nan gargaɗi ne kan rowa. Sai daga baya na gane Ige tsoro take ji, kada a wayi gari jikokinta su manta da hannun wa aka ciyar da su.

Na daɗe ina tambayar masu tallar nono labarin Hajo, wasu su kawar da kai. Bara wata ta ɗago ta dube ni a kasuwar Gummi ta ce Hajo innarta ce, ta rasu. Kasuwa ta zagayo na kawo mata ƙwaryar cike da gero. Ta shafa bakin ta ce, "Ɗinkin Inna ne," hawaye suka zubo mata. Na yi mata ta'aziyya, na juya ina jin na sauke nauyi.

"Tsaya mana, Malam!"

Ta juye geron a mayafinta, ta ɗauraye ƙwaryar, ta cika ta da nono ta miƙo mini.

Yanzu haka tana gidana. Mai ɗakina ta riga ta jiƙa dawar hoce.