Ragon da Ba a Ce wa Tubarkalla Ba

Da ana mayar da magana ciki, da na mayar da wadda na faɗa a kan tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita a Matameye.

A shekarar ban tafi cin rani Kano ba, sai na turke rago don layya. So nake a yi zancensa a unguwa. Na rage masa harawa, na dinga ɗura masa dusa da gero har yana nishi. Wata rana tsohuwar ta shigo ɗibar wuta, ta tsaya ta dube shi.

"Kai, ɗan nan, wannan rago ne ko maraƙi?" ta ce tana dariya.

Ba ta ce tubarkalla ba. Na riƙe abin a raina.

Ranar Sallah na kame bakina kamar yadda na saba, sai da hantar layyata zan buɗe. Da aka fasa cikin, sai ga hantar duk ƙuraje fari-fari. Mahauci ya sa wuƙa a ɗaya, mugunya ta fito da wari. Maƙwabta na tsaye. Kunya ta rufe ni, na ɗaga murya na ce, "Bakin tsohuwar nan ne!"

"Malam, ji tsoron Allah, tana jin ka," in ji matata.

Ta ji kuwa. Kafin watan ya ƙare mata sun fara janye 'ya'yansu in ta doso, masu sayen ƙuli-ƙulinta suka watse. Ba ta taɓa tanka mini ba. Bayan kaka 'yarta ta zo ta tafi da ita garin Tsauni.

Shekaru sun ja, wata ranar kasuwa na tarar da likitan dabbobi a kwata yana hana sayar da hantar wani sa. Irin ƙurajen ragona ne sak. Na tambaye shi dalili. Ya ce in an cika wa dabba hatsi ba ciyawa, tumbi yakan yi gyambo, ƙwayoyin cuta su bi jini su sauka a hanta.

Ashe hannuna ne. Na juya na wuce.

Na yi ta cewa gobe zan je Tsauni, ina tunanin da wane ido zan dubi mutanen unguwa. Ban je ba sai ranar gaisuwar rasuwarta. 'Yarta ta kawo mini ruwa, na kasa sha.

Ku da kuke karantawa, na roƙe ku, in kun ga ciwo a dabbarku, ku nemi wanda ya san ciwon. Kada ku ɗora shi a bakin maƙwabci kamar yadda na yi.