Madubin Baba Kar-a-taɓa

Ranar da ta fara zuwa sakandare ta ji sunan. Wasu 'yan aji uku ne ke tsokanar wani dattijo ta taga: "Baba Kar-a-taɓa, yau ma ba za a taɓa ba?" Da ta leƙa, sai ta ga kawunta ne, yayan innarta, riƙe da tsumma.

Shi ke kula da ɗakin kimiyya. Karatunsa bai yi nisa ba, amma shekara goma sha tara ko kwalba ɗaya ba ta fashe a hannunsa ba. Kullum sai ya goge kayan gwaji, ya mayar kabad, ya rataya makulli a wuya. In malami ya zo karɓa, sai ya ce, "Malam, a zana musu a allo mana. Yaran nan kamar an shafa musu mai a hannu." Malamai suka gaji, suka koma zane.

Tana aji uku shugabar makaranta ta kira shi. Ta ce in ɗalibai ashirin ba su zaɓi ajin kimiyya kafin Juma'a ba, ɗakin zai koma ma'ajiyar karyayyun kujeru. Shida kawai suka ba da suna. Sauran sun ce me za su yi da abin da ba su taɓa gani ba sai a allo?

A ranar kawu ya gane ɓarnar da ya yi da hannunsa. Ya naɗe madubin duba ƙwayoyin cuta a cikin tawul, ya sa albasa a aljihu, ya shiga bin gidajen ɗalibai a ƙasa, cikin rana. Wani uba ya ɗauka talla yake yi. Wata uwa ta ce, "Baba, albasa dai mun san ta tun ba a haifi yarinyar ba." Bai yi fushi ba, roƙo kawai yake: a duba sau ɗaya.

Ranar Alhamis ya iso gidan ƙanwarsa, ƙafafunsa sun kumbura.

"Yaya, yau kai ne da kayan hukuma a titi?" in ji Inna.

"Ke dai ba ni wuƙa."

Ya ɓare fatar albasa siririya, ya ɗora a gilashi kamar yadda ya ga malamai na yi a da. 'Yar ƙanwar tasa ta sa ido a madubin. Ɗakuna ne jere kamar bulo, kowanne da ɗigo a ciki. Ta kasa ɗagowa.

Sunanta ne na goma sha bakwai, kuma daga shi ba a ƙara ba. Ranar Litinin aka fara shigo da kujeru.

Har yau ba ta manta yadda ya matso kusa da ita a tsakar gidan ba, ya rage murya don kada Inna ta ji.

"'Yata, ni ban taɓa leƙawa ba, tsoro nake kar in ɓata. Yanzu kuma idon ya yi hazo. Ki daure ki faɗa mini abin da ke ciki, a hankali, kar ki tsallake komai."