Ranar da Baba Ya Ba Ni Makullin Motarsa

Ko na tsufa na manta inda na ajiye tabarau, ba na jin zan manta makon da na zama mai gyaran wayar mota a ƙofar gidanmu a unguwar Nima, ni da sana'ata ɗinki ce.

Babanmu tsohon direba ne, daga Nijar ya zo tun yana saurayi. Yana da wata tsohuwar mota ƙirar Faransa, ruwan madara, wadda ta girme ni. Shekara arba'in babu wanda ya taɓa zama a kujerar direbanta sai shi. Ni kaina da na koyi tuƙi har na samu lasisi, abin da ya yarje mini kawai shi ne wanke taya.

A gabanta akwai fitilun hazo guda biyu, rawaya. Aibinsu ɗaya: ba sa kamawa sai an kunna manyan fitilu. Shi kuwa hazo, in ka haska shi da farar fitila, hasken ne ke dawo maka a ido, ka ga kamar farin bango a gabanka. Haka ta taɓa faruwa da iyayena a hawan dutsen Aburi, har taya ɗaya ta leƙa kwata. Tun ranar Mma, wato mahaifiyata, ta tsani motar.

To sai ƙanwata, wadda ke aure a can saman dutsen, ta haihu da damina. Suna da sassafe ne, lokacin da gajimare ke sauka ya kwanta a kan titi. Baba ya ce da motarsa za a je, har da ragon suna. Mma ta ce ita trotro, wato bas ɗin haya, za ta hau a tashar unguwar Madina, kuma in an dawo a kai wannan gwangwani kasuwar Abossey Okai a sayar wa masu kayan gyara. Yayyena duk suka goya mata baya ta waya. Sai Baba ya ce wa Mma, "In na raba fitilun nan, rawayar ta kama ita kaɗai, za ki shiga?"

"In ka raba," in ji Mma. Ta san hannunsa rawa yake, kuma ba zai bar wani makaniki ya taɓa ta ba.

Washegari na same shi durƙushe yana ƙoƙarin tura hannu bayan allon sitiyari, gumi na ɗiga daga gemunsa. Na ce, "Baba, kawo in gwada. Hannun da ke zura zare a allura ai zai shiga nan."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Kada ki taɓa abin da ban ce ba."

Ya zana mini aikin a bayan kalanda. Za a yanke wayar da ke kawo wa rawayar wuta daga manyan fitilu, a jawo sabuwa daga batir, a sa mata fis, ta bi ta wani ɗan akwati da ake kira rile, sannan a ba ta makunninta daban. Na tafi Abossey Okai da takardar. Mai shagon ya dube ni, ya dubi zanen, ya ce, "Ei, Hajiya, wane fita ne ya aiko ki?" Na ce ni ce fitar, wato makanikin. Ya yi dariya har ya ƙara mini tef kyauta.

Kwana biyu muna abu ɗaya. Na kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafuna a waje, ɗankwali ya zame, Baba yana bisa kaina yana cewa, "Ja, ba ruwan ƙasa ba! Ja na ce!" Wayoyin kuwa duk tsufa ya mayar da su launi ɗaya. Matan layi masu zuwa sayen koko suka riƙa tsayawa suna tambayar ko tela ta canza sana'a.

Da la'asar ɗin rana ta biyu Baba ya ce a gwada. Ya gyara hula, ya yi bismilla, ya danna makunni. Sai hon ya ɗauka! Ba ɗan ƙara ba, kuka ne mai tsawo da ya ƙi tsayawa. Ragon da ke ɗaure a ƙofa ya tsinke igiya ya yi cikin lungu, kaji suka watse, rabin Nima ta leƙo. Mma ta fito da ludayi a hannu, tana dariya har ta zauna a kan dakali. Ni ma dariyar ta hana ni tashi. Baba kaɗai ke ihu, "Cire batir! Cire batir!"

Ashe wayar hon na yanke na haɗa. Yara suka kamo ragon, mu kuma muka gano ta gaskiya, na haɗa ta na naɗe da tef. Wannan karon da ya danna, sai ido biyu rawaya suka buɗe, manyan fitilu kuwa na barcinsu. Tsoho ya yi tsalle. Wallahi na ga ƙafafunsa sun bar ƙasa.

Ranar suna muka tashi bayan sallar asuba, rago a but da murfi a ɗage, Mma a baya rungume da kular waakye, wato shinkafa da wake, tana ta addu'a. Muka wuce Madina lafiya. Da muka iso gindin dutsen, hazo ya rufe sama ruf. Baba ya gangara gefe ya tsaya. Na zaci mota ce ta lalace.

Ya zare makulli ya miƙo mini. Ya ce, "Ke kika ɗaura wayar, ke za ki hau da ita. Idona ya daina ganin gefen titi tun bara. Ban gaya wa kowa ba."

Mma ta daina addu'a. Ni kuwa na karɓi makullin.

Na zauna a kujerar, na kashe manyan fitilu, na kunna rawayar. Titi ya fito a ƙarƙashin hazon, baƙi, a jiƙe, har da farin layin gefe. Muka fara hawa a hankali. Can na duba madubi, sai ga trotro biyu da tasi sun jeru a bayanmu suna bin sawunmu. Baba ya sauke gilashi ya fitar da kai yana faɗa wa hazo, "'Yata ce! Ita ta yi wayarin!" Mma ta rangaɗa guɗa, rago ya amsa daga but. Haka muka shiga gidan suna, ina kuka ina dariya, ban ma san wanne ya fi yawa ba.

Maganar sayar da mota ba ta sake tasowa ba. Ni nake kai Baba masallacin Juma'a a cikinta har ya bar duniya, yana gefena yana gyara mini tuƙi a kowace kwana.

Abin da na koya shi ne, sau da yawa taurin kan tsoho tsoro ne da ya rasa wanda zai gaya wa. Mun yi shekaru muna yi masa surutu daga nesa, bai saki komai ba. Kwana biyu kacal na durƙusa kusa da shi na ɓata hannuna da baƙin mai, ya faɗa mini gaskiyarsa.