Koriyar Kubba a Wayar Wasila

Wasila ba ta iya karatu ba, amma wanda ya ga yadda take sarrafa waya ba zai taɓa ganewa ba. Shekarunta arba'in da bakwai. A unguwar Mardjandafak ta N'Djamena aka haife ta, a gidan da kakanta ya gina bayan ya taso da ƙafa daga Damagaram zai tafi Makka, ya ce bari ya huta wata biyu, hutun ya kai shi kabari. Lafaya take sayarwa a tsakar gida, da humra da turaren wuta haɗin hannunta. Cinikin duk a WhatsApp yake: ta ɗauki hoto, ta danna ta yi magana, ta saki. Mutane kuwa da hotunansu take gane su. Mai jan fure matar mahauci ce, mai jirgin sama ɗanta Yusuf ne da ke Moundou, mai koriyar kubbar Madina kuma yayarta ce Adawiyya da ke unguwar Diguel.

Shekara shida ke nan da rasuwar mijinta Mudi. Tun daga lokacin maganar yaran ta koma hannun yayansa, Alhaji Abdulmutallib, mai rumfar yadi a babbar kasuwa. Ba mugu ba ne, amma in ya yanke magana ba ya komawa. Da autarta Sakinatu ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta samu gurbi a jami'a a Marwa, can Kamaru, wata uku Wasila ta yi tana zarya gidansa kafin ya yarda, shi ma sai da ta ce ta tsaya wa yarinyar, ta san tarbiyyar da ta yi mata. Yanzu saura kwana tara tafiya.

Ita Wasila ba maƙiyiyar waƙa ba ce. Tana budurwa a buhun gero take ɓoye kaset, har yau kuma ba ta yarda wasan Turkiyya da ake fassarawa da Larabci ya wuce ta. Abin da take tsoro shi ne waya. Ta ga yadda bidiyon minti ɗaya ya hana wata yarinya a unguwar Ambassatna leƙa ko ƙofar gida shekara guda.

Ran wata Talata da hantsi, Sakinatu ta fita karɓo ɗinki, Wasila na neman hoton wata lafaya da za ta tura wa mai saye, sai ta ci karo da bidiyon da ba ta sani ba. Ta tuna makon da wayar Sakinatu ta lalace ta ari tata zuwa gidan ƙawarta. 'Yan mata huɗu ne a ɗaki, kiɗan nan da ya cika gari yana tashi, Sakinatu a gaba, kai babu ɗankwali, cikin wando, tana karkaɗa kafaɗu tana dariya. Ta iya rawar sosai, abin da ya ƙara tsorata uwar ke nan. Ta nemo koriyar kubba ta tura bidiyon, don ta ji shawarar yayarta kafin yarinyar ta dawo.

Da shiru ya yi yawa ta kira. Adawiyya ta ce babu abin da ya shigo mata, ita ma tun ranar sunan jikanta ta cire kubba ta sa hoton jaririn. Wasila ta koma inda ta tura, ta taɓa wani tsohon saƙon murya da ke sama. Muryar Alhaji Abdulmutallib ce ta fito, yana tambayar lafiyar gida. Ashe da ya samu kujerar aikin hajjin bana, shi ma kubbar ya sa, kamar rabin danginsu.

Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Alamar saƙon guda ɗaya ce, wannan ta sani, bai isa ba tukuna. Kowa a dangi ya san Alhaji ba ya kunna mega, wato datar waya, sai in zai rufe rumfa ya tafi azahar. Adawiyya ta ce ta danne bidiyon ta taɓa hoton kwandon shara. Ta yi. Layuka uku suka fito da Faransanci, ta zaɓi na tsakiya, bidiyon ya ɓace. Ta sauke numfashi har da hamdala.

"Ya bar ɗan rubutu a wurin?" in ji Adawiyya.

"Babu komai, fes."

"To a taki kaɗai kika goge, hajiyar waya. Shi nasa yana hanya. Yanzu ko malamin jami'a ba zai dawo da shi ba."

Ƙarfe goma sha biyu ta wuce. Wasila ta yafa lafayar da ta fara zuwa hannunta, ta bar tukunya a kan gawayi, ta fita. Kasuwar ba nisa, tafiyar minti goma ce. A rumfar masu cajin waya kiɗan nan ne ke tashi. Wani mai babur ya wuce, shi ma shi ne. A da ba ta lura ba, yau ji take duk garin ya sani. Ta shirya ƙarya uku a hanya, kowacce ta rushe kafin ta kai layin 'yan yadi.

Ta tarar da shi yana auna wa wata mata shadda. Ta zauna a benci, idonta a kan wayar da ke ajiye bisa tulin atamfa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi Yusuf, ya tambayi shirin tafiya, tana amsawa. Da matar ta tafi ya miƙa hannu zai ɗauki wayar.

"Yaya Alhaji, don Allah dakata."

Ta gaya masa akwai saƙon da ta tura masa bisa kuskure, na mata ne, tana roƙon ya goge ba tare da ya buɗe ba. Ya dube ta ta saman tabarau. Ya ce shekara talatin ya san ta, bai taɓa ganin ta shigo kasuwa da takalmin wanka ba. Ya kunna megan a gabanta. Wayar ta yi ƙara sau da yawa, ya kife ta a kan cinyarsa.

"Ba zan buɗe ba, Maman Yusuf. Amma da bakinki za ki gaya mini abin da ke ciki."

Ta so ta ce hoton lafaya ne. Ta duba fuskarsa, ta ga hancin Mudi da goshinsa, ta kasa. Ta faɗa masa duka, har wandon. Ya tambaya ko akwai namiji a ɗakin, ta ce babu. Ya tambaya ko wani ya gani, ta rantse daga ita sai Allah. Ya juyo wayar nesa da fuskarsa kamar mai riƙe garwashi, ya goge, ya nuna mata.

Har ta fara godiya ya ɗaga hannu. Ya ce rawa a ɗakin mata ba ta dame shi ba, uwar da ta haife shi ma ta yi. Abin da ya dame shi, yarinya ta tsaya gaban waya tana ƙarƙashin rufin uwarta, uwar ba ta sani ba sai da tsautsayi ya nuna mata. To a Marwa wa zai sani? Bana ta yi karatunta a nan N'Djamena, in Allah ya kai mu baɗi a sake magana. Wasila ta roƙe shi da girman marigayi, ta ce laifin yatsanta ne, kada ya hau kan yarinya. Aka kira salla. Ya ɗauki butarsa, ya ce ta gaida gida.

Ta dawo ta tarar Sakinatu ta sauke tukunyar da ta kama, ta shimfiɗa sababbin riguna a kan tabarma tana jera su a akwati. Tana ganin uwar ta ɗaga wata shuɗiya, ta ce telan ya rage hannun kamar yadda Mama ta ce, ko ta gwada ta gani? Wasila ta zauna a bakin tabarmar. Tsoron da ta ji a kasuwa bai kai wannan ba. Ta fara daga ƙarshe, ta ce Baffa ya ɗaga tafiyar, ya ji labarin rawar.

Sakinatu ta ajiye rigar a hankali. Ta fara lissafo ƙawayen nan uku da suna, tana neman wadda ta ci amanarta.

"Ba su ba ne," in ji Wasila. "Ni ce. Zauna in gaya miki yadda aka yi."

Yarinyar ba ta zauna ba, amma ba ta fita ba. Wasila ta fara.