Yaya Me-ka-taɓa da Ƙafar Surukina

Kullum ita ke riga kowa zuwa. Ta buɗe ɗan ɗakinta na ƙarshen baranda, wanda da can sito ne, ta kunna fankar nan mai kukan akuya, ta goge tabarau da gefen gyale, ta zauna jiran mu kawo mata ɓarnarmu. Mu kuwa ba ma ba ta kunya. Kafin shayinta ya huce wani ya leƙo.

"Yaya, fayil ya ƙi buɗewa."

Ko ɗago kai ba ta yi. "Me ka taɓa?"

"Wallahi ban taɓa komai ba."

Shekara da shekaru tana wannan tambaya har ta zama sunanta, kuma har yau ba a sami ɗan halak ɗin da ya ba ta amsar gaskiya ba.

Ƙafar roba muke yi a ma'aikatarmu, ni ne mai haɗawa. Na'ura ce ke zagaya dungulmin ƙafar mutum ta ɗauki siffarsa, ta saƙa shi a kwamfuta kamar ragar kamun kifi. Sai manhaja ta buɗe ragar a allo, mu juya ta gaba da baya, sannan mu san inda za mu sassaƙa. In ta ƙi buɗewa, duk mun zama 'yan kallo.

Mai ɗaukar siffar, Sauri muke ce masa, ya taɓa rantsuwa cewa manhajar ta haukace. Yaya ta dubi nauyin fayil ɗin a na'ura, ta dubi na hannunsa, ta ce, "Rabi ka kawo. Ka zare filas daga kwamfuta kafin ya gama kwafa." Ya ce ai ya ji a jikinsa ya gama. Ta ce to, jikin nasa ya buɗe masa. Wata rana kuma allo ya yi toka-toka, manaja har ya fara maganar jefar da kwamfutar. Ta zo ta yi ta jan hoton baya, baya, sai ga ƙafa ta bayyana. "Ai ta buɗe, ranka ya daɗe, a cikinta kuke zaune." Na'ura ta auna da milimita, manhaja ta karanta da mita, ƙafar bawan Allah ta fi benen da muke ciki tsawo.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, surukina ne. Tsohon tela ne, ciwon suga ya ci ƙafarsa ta dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Tun daga nan ya daina dariya. Sai da matata ta yi wata da watanni tana roƙo kafin ya yarda ya zo, da sharaɗi: sau ɗaya tak zai naɗe wando a wurin aikin mijin 'yarsa. Ya zo yana cin magani, aka kore ni waje, aka ɗauki siffa, ya tafi ko sallama babu.

Washegari na danna fayil. Ya ƙi. Na sake dannawa, na kashe, na kunna, na yi masa addu'a, na zage shi. Kunnen uwar shegu. Na kira matata na fara, "Ko Baba zai iya..." Ta ce, "Kar ma ka ƙarasa. Ka san ba zai dawo ba. In Baba bai taka ba, ka nemi inda kai za ka riƙa takawa da yamma." Gumi ya karyo mini, ba don gidan kaɗai ba. Na san in wannan ta wuce, tsohon nan zai ƙare ransa a kujera.

Na ruga sito. "Me ka taɓa?" Na rantse, kuma a wannan karon gaskiya na faɗa. Ba ta gaskata ni ba, amma ta taso. Ta buɗe fayil ɗin a matsayin rubutu zalla, ta karanta 'yan layukansa da ɗan yatsa a kan allo.

"Wannan maigida ne kawai," in ji ta. "Ba ƙafa a cikinsa, sunayen iyalinsa ne. Ƙafar gunduwa-gunduwa take a wasu ƙananan fayiloli da ke zama a jaka kusa da shi. Ya kira su, ba wanda ya amsa. Ina iyalin?"

Muka bi sawu har kwamfutar na'ura. Ashe sakatarenmu, Tsaf-tsaf, mutumin da ke jera biro bisa tsawo, ya ga jaka cike da fayiloli masu sunan lambobi, suka tsone masa ido, ya share. Shi ma ya ce bai taɓa komai ba, gyara ya yi. Yaya ta buɗe kwandon sharar kwamfutar. Suna nan reras. Ta mayar da su gefen ubansu, ta danna, sai ga dungulmin Baba yana juyawa a allo. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba, har ƙwalla na yi.

Yaya, ke ce mai tambaya kafin zargi, mai bin fayil har ɗakin da aka haife shi. Sunanki ba ya kan ƙafa ko ɗaya, alhali babu wadda ta fita ƙofar nan ba ta bi ta hannunki ba. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku koyi halinta: ku karanta abin da injin ke faɗa kafin ku ce ya haukace, kuma don Allah, in kun taɓa, ku ce kun taɓa.

Makon jiya Baba ya hau matakalar benenmu da ƙafarsa, ba sanda, riƙe da rigar da ya ɗinka wa Yaya a kekensa. Da zai zauna, ƙafar ta yi ƙiii, wani mai ya ɗigo a ƙasa, warin man keken ɗinki ya cika sito. Yaya ta sauke tabarau.

"Baba, me ka taɓa?"

Ya dube ta, ya dube ni. "Ban taɓa komai ba, 'yata."

Sai ya fashe da dariya, irin wadda matata ta ce rabonta da ji tun yana da ƙafa biyu.